Horon Bazara A Kamfanin Inshorar Tsofaffi: Me Ake Koya Wa Ɗalibi?

Duk shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Agusta, jami'o'in Amurka kan shiga dogon hutu, manyan kamfanonin ƙasar kuwa su buɗe ƙofofinsu ga dubban ɗalibai domin horon sanin makamar aiki na mako goma zuwa sha biyu. Kafafen watsa labaranmu sun saba kiran wannan lokaci da bazara, ko da yake a lissafinmu damina ce tsaf, amma na bi su a kan haka don kada jayayyar kalma ta ɗauke mu daga kan maganar. Cikin kamfanonin da ke ɗaukar waɗannan ɗalibai akwai na inshorar lafiya, musamman waɗanda suka mayar da hankali ga tsofaffi. A kan horon da ake bayarwa a irin waɗannan wurare nake son mu tsaya a yau, domin a ganina akwai abin koyi a cikinsa, akwai kuma abin tsoro, ga shi kuma su biyun a ƙwarya ɗaya suke.

Bari mu ɗauki kamfanin Humana a matsayin misali. Wasu lauyoyi biyu, David Jones da Wendell Cherry, su suka kafa shi a birnin Louisville na jihar Kentucky a shekarar 1961, kuma da gidan kula da tsofaffi ya fara. Daga nan ya shiga harkar asibitoci, ya ɗauki sunan Humana a 1974, sannan a 1993 ya rabu da asibitocin ya riƙe inshora. A farkon 2023 ya ba da sanarwar janyewa daga sayar wa ma'aikatu inshorar ma'aikatansu, domin ya fuskanci shirye-shiryen da gwamnati ke biya, wanda mafi girmansu na tsofaffi ne. Kuɗin da ya shiga hannunsa a wannan shekara ya haura dala biliyan 100, wato ya fi kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Nijeriya na shekarar nesa ba kusa ba. Ma'aikatansa sun haura 60,000. To, a irin wannan katafaren gida ne yaro ɗan shekara ashirin ko ashirin da ɗaya zai kwashe makonni yana koyon aiki.

Mai karatu ba zai fahimci abin da yaron zai koya ba sai ya san inda kuɗin ke fitowa. A ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin Medicare, wanda ke ɗaukar nauyin maganin duk Ba'amurken da ya cika shekara 65, kuma tsohon Shugaba Harry Truman aka fara miƙa wa kati. A tsarin asali, tsoho ya je asibiti, gwamnati ta biya kuɗin abin da aka yi masa. Daga baya aka buɗe wata hanya ta biyu, wadda dokar 1997 ta tsara, dokar 2003 kuma ta raɗa mata sunan Medicare Advantage. A wannan hanya gwamnati kan ba kamfani wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane tsoho da ya yi rajista da shi, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin maganinsa. In an kashe ƙasa da abin da gwamnati ta bayar, rarar ta kamfani ce; in an kashe fiye, asarar tasa ce. Tun 2023 fiye da rabin tsofaffin da suka cancanta suna kan wannan hanya ta biyu, kuma a 2024 yawansu ya kai wajen miliyan 33, kusan rabinsu a hannun kamfanoni biyu kacal, UnitedHealthcare da Humana. Kasuwar kuwa ƙara faɗi take yi, domin 'ya'yan da aka haifa tsakanin 1946 da 1964, lokacin da haihuwa ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, su ne ke tsufa yanzu, har ana ƙiyasin mutum sama da 11,000 ke cika shekara 65 kowace rana.

Mu fara da abin yabo, domin hana mai haƙƙi haƙƙinsa zalunci ne. Ɗalibin da ya samu gurbi a irin wannan kamfani biyansa ake yi, kuma aikin gaske ake ba shi. Mai karatun lissafi a haɗa shi da masu ƙididdigar kasada, waɗanda aikinsu shi ne hasashen nawa maganin mutum dubu goma zai ci a shekara mai zuwa. Mai karatun kwamfuta a tura shi sashen bayanai. Na haɗa magunguna, na kasuwanci, na aikin jinya, kowa da inda za a ajiye shi. Akan ba shi wani babba da zai riƙa duba aikinsa, a ɗora masa aiki guda mai farko da ƙarshe, kuma a makon ƙarshe ya tsaya gaban shugabannin sashe ya yi bayanin abin da ya gano. Wanda ya nuna ƙwazo, sau da yawa takardar ɗaukar aiki na hannunsa tun kafin ya koma ajin ƙarshe. Shi ya sa neman gurbin kan fara tun watannin Satumba da Oktoba na shekarar da ta gabata. Kamfanin ba sadaka yake yi ba: jarrabawar ɗaukar aiki ce mai tsawon mako goma, wadda ta fi hirar minti talatin nuna halin mutum.

Biyan ma bai zo haka kawai ba. An daɗe a Amurka ana sa ɗalibai aikin banza da sunan horo, musamman a harkar fina-finai da jaridu, har sai da wasu mutum biyu da suka yi aiki a fim ɗin Black Swan suka kai kamfanin Fox Searchlight ƙara a 2011. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta kafa ma'auni mai sauƙin fahimta, wato a duba wa ya fi amfana da zaman, ɗalibin ko kamfanin; in kamfanin ne, to ma'aikaci ne, dole a biya shi. Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar ta rungumi wannan ma'auni a 2018. Muhimmancin biyan ya wuce kuɗin aljihu, domin horon da ba a biya, ɗan mai hali ne kaɗai ke iya zuwa wani gari ya kama haya ya ci da kansa wata uku, ɗan talaka kuwa sai ya haƙura ya nemi aikin kanti.

Sai dai Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan ne nake da magana, kuma ta fannin da na sani zan shigo mata, wato harshe. Abu na farko da kowane sabon shiga ke koya a kowace sana'a shi ne kalmominta, kuma kalmomin kan zo da irin tunaninsu a goye. A harshen masu inshorar Amurka, kason kuɗin da aka kashe wajen yi wa marasa lafiya magani sunansa kason asara. A duba da kyau: kuɗin da aka sayo wa tsohuwa maganin ciwon suga, ko aka yi wa tsoho aikin ido, a littafin kamfani asara ake kiransa, kuma idan ya ƙaru da ɗigo biyu ko uku farashin hannun jarin kamfanin faɗuwa yake yi. Doka ta tilasta wa kamfanonin Medicare Advantage kashe aƙalla kashi 85 cikin 100 na kuɗin a kan magani, tun daga 2014, amma ba ta canza sunan ba. Yaron da ya kwashe mako goma yana jin manya suna murna saboda asara ta ragu, ba tare da kowa ya faɗa masa komai ba ya riga ya koyi gefen da ake so alƙalami ya karkata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu ɗanyen iccen da ya kai ɗalibin da ke fatan a ɗauke shi aiki.

Ba zargi nake yi da ka ba. Akwai tsarin da ake kira neman izini kafin magani, inda likita ba zai yi wa majiyyaci wasu ayyuka ba sai kamfanin inshora ya amince. Masu kare tsarin sun ce yana hana almubazzaranci da ayyukan da ba su da amfani, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin a tsarin da ake biyan asibiti gwargwadon yawan abin da ya yi, dole a sami masu ƙara gishiri. Amma a watan Afrilun 2022 ofishin babban mai bincike na Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ya fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 13 cikin 100 na buƙatun da manyan kamfanonin suka ƙi amincewa da su sun cika duk sharuɗɗan Medicare, wato da tsohon yana kan tsarin asali da an yi masa maganin. Alƙaluman 2023 kuma sun nuna cewa cikin buƙatu kusan miliyan 50, an ƙi sama da miliyan 3. Waɗanda suka ɗaukaka ƙara ba su wuce ɗaya cikin goma da 'yan kai ba, amma fiye da takwas cikin goma na waɗanda suka ɗaukaka sun yi nasara. Abin tambaya a nan shi ne, ina labarin sauran taran da ba su ɗaukaka ba? Mutum mai shekara 80, wanda ya karye a ƙugu, yana kwance, ba shi ne mai ƙarfin cike takardu da bin layin waya ba.

A watan Oktoban 2024 wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawan ƙasar, kuma ya dace a ce dattawa ne suka binciki lamarin dattawa, ya fitar da rahoto a kan kamfanoni uku mafi girma. Ya gano cewa sun fi tsananta ƙin amincewa a kan jinyar bayan sallama daga asibiti, wato lokacin da tsoho ke buƙatar zama a gidan jinya don ya koyi tafiya bayan shanyewar ɓarin jiki ko karaya. A Humana, a shekarar 2022, yawan ƙin irin wannan buƙata ya ninka yawan ƙin sauran buƙatu fiye da sau 16. Kafin nan, a ƙarshen 2023, wasu majinyata da iyalan wasu sun shigar da ƙarar UnitedHealth da Humana, suna zargin cewa ana amfani da wata manhaja mai suna nH Predict wajen yanke kwanakin jinya. Kamfanonin sun musanta cewa manhajar ce ke yanke hukunci. Ko ma dai wa ke da gaskiya, irin waɗannan manhajoji mutane ne ke gina su, kuma sashen bayanai na cikin wuraren da aka fi ajiye ɗalibai masu horo. Ɗalibin ba zai taɓa ganin fuskar tsohuwar ba, layi ɗaya ce cikin layuka dubu ɗari a allon kwamfutarsa, dokar sirrin majinyata ta 1996 ma ta sa sau da yawa akan share sunanta kafin bayanan su iso gare shi.

Akwai kuma ɓangaren shigar kuɗi. Gwamnati kan ƙara wa kamfani kuɗi gwargwadon yawan cututtukan da aka rubuta wa tsoho, don kada kamfanoni su riƙa gudun masu tsananin ciwo. Niyyar mai kyau ce, amma ta haifar da sana'ar tonon cuta a takarda. Hukumar da ke ba Majalisa shawara kan kuɗin Medicare ta ƙiyasta a 2024 cewa gwamnati na biyan kamfanonin kusan kashi 22 cikin 100 fiye da abin da za ta kashe da tsofaffin suna tsarin asali, kimanin dala biliyan 83 a shekara guda. Kamfanonin suna jayayya da wannan lissafi.

Duk da haka ba zan ce wa wani ɗalibi kada ya je ba, ko namu ne da ke karatu can. A zangon karatu na 2023/2024 'yan Nijeriya kimanin 20,000 ne ke jami'o'in Amurka, fiye da na kowace ƙasar Afirka, ko da yake ƙofar biza ta ƙara tsukewa tun 2025, kuma ɗalibin waje sai da izinin jami'arsa yake irin wannan horo. Gani ya kori ji. Wanda ya zauna cikin injin ya ga yadda yake juyawa ya fi wanda ke tsaye a waje yana tsinuwa amfani ga tsofaffin, kuma tsofaffi da yawa da son ransu suka zaɓi waɗannan kamfanoni, saboda suna ba da abin da tsarin asali ba ya bayarwa, kamar kula da haƙori da tabarau da na'urar ji, tare da ƙayyade iyakar abin da mutum zai biya daga aljihunsa a shekara. Abin da nake ƙi shi ne a bar kamfani shi kaɗai ya zama malami. Jami'ar da ke ba ɗalibi maki a kan wannan horo tana da haƙƙin ta tambaye shi, bayan ya dawo, wa ya amfana da aikin da ya yi kuma wa ya cutu. Kamfanin da ke alfahari da hidimar tsofaffi kuwa, ba zai rasa komai ba in ya sa kowane ɗalibi, har da na lissafi da na kwamfuta, ya kwashe mako guda yana sauraron kiran wayar tsofaffi, ko ya zauna a ɗaya daga cikin ɗakunan shan magani irin waɗanda Humana ke gudanarwa da sunan CenterWell.

Batun kiran waya ya kawo ni kan wani al'amari da ya kamata abokan aikina na sassan harsuna su ji. Gwamnatin Amurka kan auna ingancin kowane shirin inshorar tsofaffi da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, kuma wanda ya sami huɗu ko fiye ana ƙara masa kuɗi mai tsoka. Cikin ma'aunan akwai samar da tafinta. Jami'an gwamnati kan buga waya a ɓoye, kamar su tsofaffi ne masu jin Sifaniyanci ko Sinanci ko Faransanci ko Biyatnamanci kawai, su ga ko za a haɗa su da tafinta a amsa tambayarsu cikin minti takwas. A Oktoban 2024 Humana ya bayyana cewa mambobinsa da ke cikin shirye-shirye masu taurari huɗu zuwa sama za su faɗo daga kashi 94 zuwa kusan kashi 25 cikin 100, hannun jarinsa ya rikito, ya garzaya kotu, kuma cikin abin da ya yi ƙorafi a kai har da kira uku na gwajin tafinta. A 2025 kotu ba ta ba shi gaskiya ba. UnitedHealth ma ya kai ƙara a kan kira guda ɗaya tak, shi kuwa ya yi nasara a Nuwamban 2024. Ana iya cewa rashin hankali ne a rataya maƙudan kuɗi a wuyan kira uku, kuma ni ma ina ganin ma'aunin ya yi tsauri. Amma ga darasin: ranar da aka ɗaura kuɗi a jikin harshe, ranar tafinta ya zama mutum mai daraja a idon shugabannin kamfani. Bugu da ƙari, doka ta ce a fassara muhimman takardu zuwa duk harshen da kashi 5 cikin 100 na mutanen yankin ke magana da shi. Ko masu jin Ingilishin ma ba su tsira ba, domin binciken ƙasa da aka yi a 2003 ya nuna kashi 12 cikin 100 na manya ne kawai ke da cikakkiyar ƙwarewar fahimtar bayanan lafiya, kuma 'yan sama da 65 su ne a ƙasa. Wasiƙar ƙin amincewa da tsoho bai fahimta ba, ba zai ɗaukaka ƙara a kanta ba. Saboda haka ɗalibin harshe da aka sa ya sauƙaƙa wannan wasiƙa yana iya ceton mutanen da suka fi waɗanda likita guda zai gani a shekara.

Me ya shafe mu? Mu ma mun ɗauko wannan hanya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 1999, wadda aka fara aiki da ita a 2005, ta sa kamfanoni masu zaman kansu a tsakanin asusu da asibiti, kuma duk ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa zama a benci yana jiran lambar izini kafin a yi masa hoto ko tiyata ya san neman izini kafin magani ba labarin Amurka kaɗai ba ne. Dokar 2022 da ta kafa hukumar NHIA ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu, wanda tsofaffi ke cikinsa. Jihohi ma sun kafa hukumominsu, irin KSCHMA ta Kano. Amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita, kuma nauyin tsoho a wuyan 'ya'yansa yake. In tsarin ya faɗaɗa kamar yadda doka ta nufa, za a buƙaci dubban masu ƙididdiga da masu tantance takardun asibiti da masu amsa waya, kuma yanzu ne ake tanƙwara su.

Hanyar horon ma muna da ita. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, ya ƙirƙiro shirin SIWES tun farkon shekarun 1970, kuma a takarda ya fi na Amurka tsawo, domin ɗaliban jami'a da yawa wata shida suke yi. A aikace kuwa, kowane malami ya san labarin: ɗalibi ya sha yawo da wasiƙa kafin ya sami mai karɓarsa, in an karɓe shi a mayar da shi ɗan aike ko mai gadin na'urar kwafi, alawus ɗin bai isa kuɗin mota ba kuma ya kan makara, littafin rahoto kuwa a cike shi a dare ɗaya. Bambancin ba na dukiya ba ne kawai. Kamfanin Amurka yana kallon ɗalibin a matsayin ma'aikacinsa na baɗi, namu kuwa yana kallonsa a matsayin alfarmar da aka yi wa mahaifinsa.

Hukumar NHIA tana da ikon gyara wani yanki na wannan, tunda ita ke ba kamfanonin lasisi. Tana iya sa ɗaukar ɗalibai da biyansu cikin sharuɗɗan sabunta lasisin, ta kuma tilasta a riƙa rubuta dalilin kowane ƙin amincewa a harshen da majiyyacin ke ji. Gwajin waya ma ba ya buƙatar wani babban kasafi: a sami ɗaliban sassan harsunan Nijeriya na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Maiduguri, a ba su wata shida suna kiran layukan kamfanonin da Hausa da Fulfulde da Kanuri, kamar su tsofaffi ne daga Gwarzo ko Gombe ko Bama, suna rubuta minti nawa aka ɗauka kafin a amsa da kuma ko amsar ta fito. A buga sakamakon a jaridu kowace shekara, da sunan kowane kamfani, kafin lokacin da ma'aikatu ke zaɓen wanda za su miƙa wa ma'aikatansu.